Ɗan Fari a Hanyar Tanut

Shafi na 19

Bismillahi. Waɗanda suka ce shiru ya yi yawa, a yi mini uzuri. Mu koma Zango, gidan Inna Tani.

*

Inna Tani tana zaune a gindin darbejiyar tsakar gida tana tsinke zogale, sai ta ji an banko ƙyauren zaure, ko sallama babu.

Ba ta ɗago kai ba. Mutum ɗaya ne a duk Zango yake shigo mata gida haka.

"Bukar, ƙyauren nan ya girme ka. Ka bar shi ya tsufa da mutuncinsa."

Bukar ƙanin mijinta ne, marigayi Mahamud. Shi ke da garajin manyan motoci a bayan tasha. Tun tana amarya suke wasa, har ga shi furfura ta cinye su duka biyun ba su daina ba. Kullum ya shigo sai ya ce, "Matata, me aka dafa mini?" Ita kuma ta ce ya je ya wanke baƙin hannunsa tukuna.

Yau bai ce matata ba.

Shi ya sa ta ɗago.

Yana tsaye, hula a karkace, gumi ya jiƙa rigar aiki. Ya rungumo wani abu a cikin tsumma. Kafin ta yi magana sai ga Raliya, matar ɗanta, ta fito daga ɗakinta riƙe da salula, idanunta sun yi ja.

Inna Tani ta ture faifan zogalen gefe.

"Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu, Yaya," in ji Bukar. "Shi ya sa na zo da gudu."

Ya durƙusa, ya kwance tsumman. Guntun ƙarfe ne mai kauri, baƙi, ya karye gida biyu.

"Taɓa nan."

"Ni me na sani a ƙarfe?"

"Taɓa dai."

Ta ɗora yatsa a inda ya karye. Daga waje sumul yake. Cikin kuwa rami-rami ne, kamar an ɓara ƙosai.

"Wannan shi ke riƙe lam da jikin mota," ya ce. "Lam ɗin nan, ƙarafan da ake jerawa a kan tayoyin baya, su ke ɗauke da nauyin kaya gaba ɗaya. In wannan ya saki, mota sai ta zauna a gefe ɗaya. In kuwa tana cikin gudu..."

Bai ƙarasa ba.

"Na motar wa?"

"Na Modu."

Modu abokin ɗanta ne, Suma'ila. Rana ɗaya suka ɗauko kamiyo, manyan motocin kaya, daga kamfani ɗaya, launi ɗaya, har ƴan tasha suna ce wa motocin tagwaye.

"Shi Modun fa?"

"Lafiyarsa lau. Allah ya taƙaita. Babu kaya a motar, a hankali yake tafe, daidai Tirmini, kan gudro, kwalta mai kyau. Sai ji ya yi ƙas. Yaya, babu kaya fa!"

Inna Tani ta janye hannunta, ta goge a zani.

"Ɗayar kuma?"

Raliya ce ta amsa.

"Ta tashi zuwa Agadas da safen nan, Inna. Gero ne har sama. Ga mutane a kan geron."

Akuyar da ke ɗaure a turke tana ta tauna.

Bukar ya cire hula ya dafe kai.

"Kwanakin baya kamfanin ya aiko saƙon murya ta hannun sandika, ƙungiyarmu ta masu motoci. Suka ce motoci irin waɗannan an samu matsala wajen zubin wannan ƙarfen. Duk mai ita ya sauke kaya, ya kai ta garajinsu a Yamai, su canza kyauta."

"To?"

"To muka yi dariya."

"Dariya."

"A tasha aka ce, wa zai ajiye mota ana tsakiyar kaka ya je ya yi layi a Yamai? Mai sunan Baba, ɗanki, ya zo wurina, ya ce Baba Bukar, duba mini. Na ɗauki guduma na shiga ƙarƙashi. Yaya, kin san aikinmu. Ƙarfe mai lafiya, in ka buga, amsawa yake yi, rau, kamar ƙararrawa. Mai tsaga kuwa muryarsa a dishe take. Da kunne muke duba mota tun kafin a haifi masu kamfanin nan. Na buga, ya amsa. Na sake bugawa, ya amsa. Na ce masa je ka, ƙarfenka ya fi ni lafiya. Har lam biyu na ƙara masa, yadda muke yi wa kowace mota don ta ƙara ɗaukar kaya."

"Na Modu kuma?"

"Shi ma na buga." Ya dubi ƙarfen da ke gabansa. "Ya amsa. Ashe ciwon a ciki yake, inda kunne ba ya kaiwa."

Wata rana da sai ta ce masa kunnen ma ai ya tsufa. Yau ba ta ce ba.

"To a kira mai motar mana. Me ake jira?"

"Na kira. Dariya ya yi mini. Ya ce, Baba Bukar, kai da bakinka ka ce lafiya, yanzu kuma don Modu ya faɗa rami sai ka tayar mini da hankali? Na rantse masa babu rami. Ya ce in ya kai Agadas zai duba."

"Ni ma na kira, Inna," in ji Raliya. "Ya ce wai kewarsa nake yi tun bai yi nisa ba. Ya ce direban da ya fita ya juyo da kaya, har ya mutu ƴan tasha ba za su daina yi masa waƙa ba. Na yi kuka, ya ce zai kawo mini cuku. Yanzu ko ɗauka ba ya yi."

"Ina yake?"

"Ya wuce Bakin Birji tun ɗazu," in ji Bukar. "Yana dab da Tanut. In ya bar Tanut shi ke nan, rezon salula sai an dace, hanya kuma kin san ta, ramuka ne da yashi. Can ne ƙarfen nan zai sha duka."

"Masu shingen Tanut fa? A ce su riƙe shi."

"Da wane dalili? Takardunsa cikakku ne. Ina da yaro guda a can, na kira, ya tafi kasuwar ƙauye."

Inna Tani ta jawo faifan, ta ci gaba da tsinke zogalen. Ganye da itace duk wuri ɗaya take zubawa, ba ta lura ba.

Sai Raliya ta matso, ta durƙusa a gabanta har gwiwarta na taɓa tabarma.

"Inna."

"Na'am."

"Ke za ki kira shi."

Hannun Inna Tani ya tsaya.

"Ke ƴar nan, kanki ɗaya?"

Suma'ila ɗanta ne na fari. Ga shi kuma sunan surukinta aka sa masa, mahaifin su Bukar. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kan mutum ɗaya. Ranar da aka yaye shi aka ɗauke shi zuwa ɗakin kakarsa, can ya girma cikin baffanninsa. Ya ji suna ce mata Yaya, shi ma ya tashi yana ce mata Yaya. Ita kuwa tun da aka raɗa masa suna, sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ko ido ba ta haɗawa da shi. In ya zo gaisuwa da safe, ya durƙusa a bakin ƙofa, bango take wa magana.

"A ce wa mai motar nan an gode."

Shi kuma ya ce, "Mai motar ya ji."

Haka suke tun yana tura motar kara a tsakar gidan nan, har ya kai ga ta ƙarfe.

"Ni in kira shi in ce me?" ta ce. "Kun taɓa jin na yi masa magana?"

"Shi ya sa, Inna."

"Baffansa ya yi magana bai ji ba. Matarsa ta yi kuka bai ji ba. Sai ni, da ko yawan sukarin shayinsa ban sani ba?"

Bukar ya ɗago.

"Kai, Yaya! Ji tsoron Allah. Ke da kike gane ƙahon motarsa tun daga tasha?"

"Wa ya ce maka?"

"Ina zaune a nan ran nan, aka yi oda daga nesa, kika miƙe kika ɗora ruwan zafi. Na ce na wa, kika ce na akuya."

"Akuyar tana mura."

"Akuya da ganyen shayi?"

"Bukar, ka fita idona."

Raliya ta yi dariya cikin hawaye, ta toshe baki da gefen mayafi. Dariyar ba ta daɗe ba. Ta dubi salular da ke hannunta, ta dubi rana.

"Inna, zan faɗa miki wata magana. Ya ce kar in faɗa, amma yau sai dai ya yi haƙuri."

Inna Tani ta ajiye zogalen da ke hannunta.

"Dambun naman da kike ba ni in sa masa a jaka, ki ce in ce ni na yi..."

"Ai ke kika yi."

"Ya sani, Inna. Tun ranar farko. Ya ɗanɗana ya ce, Raliya, ke dai Allah ya ba ki haƙuri da kyan hali, amma wannan hannun ba naki ba ne. Ba ya ba kowa. Modu ya taɓa sa hannu, saura kaɗan su ɓata."

Inna Tani ta sunkuyar da kai.

"Odar nan da yake yi sau biyu in zai wuce bakin layinmu, kin ɗauka don yara ne su kauce? Taki ce. Ya ce tun da ba a yi masa sai ka dawo, shi zai riƙa yin sai na dawo."

"Surutu dai."

"Lambarki tana cikin salularsa. Tun ranar da aka sayo miki salular ya sa ta. Ya sa mata kiɗa na daban, wanda babu mai irinsa. Wani lokaci in yana zaune sai ya kunna kiɗan da kansa, ya saurara, ya kashe. Na ce me ke nan, Baban Sakina? Ya ce yana so ya san yadda zai ji ne, in ranar ta zo. Ya ce ranar da lambar nan ta kira shi, ko yana bakin kura sai ya ɗauka."

Bukar ya juya baya, ya shiga gyaran hular da ba ta buƙatar gyara.

Da Inna Tani ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa ce.

"Me ya rubuta a kan lambar?"

"Na'am?"

"Ai ana rubuta suna. Na ga naku. Yaya ya sa?"

Raliya ta girgiza kai.

"Inna ya sa."

Inna Tani ta tuna shekarar da ƙyanda ta kwantar da shi a ɗakin kakarsa. Ba ta da ikon shiga, kar a ce ba ta da kunya. Sai ta wuni tana zagaya bayan ɗakin, wai kazarta take nema. Tana jin kukansa ta bango. Kazar kuwa tana cikin akurki, kowa ya sani, babu dai wanda ya ce mata komai. An yabe ta a lokacin. An ce Tani akwai kara, Tani ƴar mutunci. Ta karɓi yabon, ta koma ɗaki ta cusa fuska a matashi.

Yabon nan ne take riƙe da shi har yau. Ba ta san yadda ake ajiye shi ba.

"Mutane za su ce da tsufana na zubar da kunya," ta ce.

"Su wane ne mutanen?" in ji Bukar. "Duk waɗanda kike jin kunyarsu suna maƙabarta. Ni kaɗai na rage, ni kuwa kin san ba ni da ita."

"Wannan gaskiya ne."

"Gidan nan kaf babu mai kiran sunan yaron nan. Ni ina ce masa Mai sunan Baba. Wannan tana ce masa Baban Sakina. Ke kina ce masa mai mota. Ya taɓa ce mini, Baba Bukar, in ba don masu duba takardu a hanya ba, da na manta sunana."

Ya tura ƙarfen gabanta da yatsa.

"Yaya, kunnena ne ya sa shi a hanyar nan. In wani abu ya faru, ban san da wane ido zan dubi yayana gobe kiyama ba. Ki taimake ni. Ba don shi ba ma, don ni."

Tun da take da Bukar bai taɓa roƙonta komai ba sai tuwo.

Ta kwance bakin zaninta. Ƴar ƙaramar salular tana nan a ƙulle tare da goro. Ta miƙa wa Raliya ba tare da ta dube ta ba.

"Danna. Ki sa yadda kowa zai ji, kar a ce na yi ƙus-ƙus da shi."

Raliya ta danna, ta ɗora mata a tafin hannu.

Ƙara ɗaya.

Ta biyu ba ta ƙarasa ba aka ɗauka.

Rurin inji ya cika tsakar gidan, da iska, da hayaniyar mutane can sama-sama.

"Raliya!" Muryar Suma'ila ce, rabi dariya rabi faɗa. "Har salular Yaya kika ɗauko? Wallahi kin ba ni tsoro, saura kaɗan in saki sitiyari. Mayar mata da abinta kafin ta gani."

"Alo? Raliya?"

Inna Tani ta juya fuska wajen bango, yadda ta saba.

"A gaya wa mai motar nan... an ce ya tsaya."

Injin dai bai daina ruri ba.

"Yaya?"

Muryar ta sauya. Ta koma ƙarama, kamar ta yaro.

"Yaya, ke ce? Ina wuni. Lafiya dai? Lafiyar gida?"

"Lafiya lau. A ce masa ƙarfen motar ba shi da kyau. An kawo an nuna mini."

Ya yi ƴar dariya mai taushi.

"Baba Bukar ne ko? Tsohon nan! Har ke ya ɗaga wa hankali. Yaya, mai motar ya ji. Mai motar ya ce a kwantar da hankali, motar lafiya take tafiya, ko ƙara babu. Ga Tanut nan mun shigo har mun kusa fita. A dai sa shi a addu'a."

Bukar ya matso da baki.

"Kai, ɗan nan! Na Modu ma babu ƙarar da ya yi!"

"Baba Bukar, mutane na ɗauko. Akwai mai zuwa ganin mara lafiya, akwai mai ɗaurin aure. In zube su a daji in ce musu me? In ce baffana ya yi mafarki? In na... Agadas... zan..."

Muryar ta fara yankewa.

Raliya ta dafe ƙirji. "Rezo, Inna! Rezo zai tafi!"

"A ce masa..." Inna Tani ta fara. "A gaya wa mai..."

"Yaya, ba na ji sosai... in na sauka... gaida..."

Ƙirrr. Ƙirrr.

Ta dubi bangon. Shekara da shekaru tana ba bangon nan saƙo yana isarwa. Yau ta ga ƙasa ce kawai da shafen siminti.

Ta juyo. Ta kama salular da hannu biyu, ta kawo ta dab da bakinta.

"Suma'ila."

A hankali ya fito, kamar an buɗe ƙofar da ta daɗe a rufe.

Raliya ta zaro ido. Bukar ya saki hularsa ta faɗi.

"Suma'ila, ni ce. Ka tsaya."

Sai suka ji rurin injin ya sauya. Ya yi ƙasa. Ya ƙara yin ƙasa. Iskar birki ta yi tsaki mai tsawo, fushhh. Mutanen sama suka ɗau surutu, wani yana tambaya ko lafiya.

Injin ya mutu.

Cikin shirun, numfashinsa kawai ake ji.

"Sake faɗa."

"Kai, ba na son shashanci."

"Don Allah. Rezo ne, ban ji da kyau ba."

"Ƙarya kake, ka ji."

"Na ji. Sake faɗa dai."

Inna Tani ta share ido da bayan hannu. Ta yi murmushi.

"Suma'ila. Ɗan nan mai taurin kai. Ka sauke bayin Allah daga kan motar nan, ka zauna inda kake har baffanka ya zo. In ka ƙara taku ɗaya ban yafe ba."

Ya ja hanci. Ƙato guda, mai ƴa, direban Agadas, yana jan hanci a gaban fasinja.

"Na tsaya," ya ce. "Wallahi na tsaya. Ko shekara kika ce, ina nan... Inna."

Raliya ta kifa kai a cinyar surukarta ta fashe da kuka. Inna Tani ta dafa kanta, tana bubbugawa a hankali.

Suka ji ya buɗe ƙofa, ya ɗaga murya.

"Jama'a, a sauko! Kowa ya sauko, a yi haƙuri! A koma inuwa can!"

"Direba, me ya faru?"

"Uwata ce ta ce in tsaya!"

"Uwarka?"

"Eh, uwata! Kai ba ka da ita ne?"

Bukar ya tuntsire da dariya har yana tari. Ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya miƙe kamar an sauke masa buhu daga ka.

"Matata! Ashe maganin a bakinki yake, kika bar ni ina ta gudu kamar mahaukaci? To yanzu me aka dafa mini?"

"Je ka wanke baƙin hannunka."

"Yau kam har da sabulu. Bari in samo mota mu kwashe geron, a lallaɓo da ita wayam. Daga nan sai Yamai, ko ƴan tasha za su yi mana waƙa da kalangu."

Salular tana nan a kunne. Ana jin mutane suna dirowa, mata suna kiran yara, wani tsoho yana mita. Can sai muryar Suma'ila ta dawo, wasai.

"Inna, kowa ya sauka. Na gangara da ita gefen hanya don kar in tare wa mutane. Kar ki kashe, ina son in riƙa jin ki. Bari in leƙa in ga abin nan da ya hana tsoho sukuni."

Bukar ya kai bakin zaure. Sai ya tsaya cak.

Ya juyo. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Me ya ce? Gefen hanya?"

"Haka ya ce," in ji Raliya.

"Gefen hanyar nan gangare ne. Nauyin geron duk ya koma ɓangare ɗaya." Ya taho da gudu, yana tuntuɓe da faifan zogale. "Kar ya shiga ƙarƙashi! Yaya, ce masa kar ya shiga! Kai! Mai sunan Baba! Fito!"

Daga cikin salular suka ji ƙwanƙwasa.

Ƙwan. Ƙwan.

Guduma ce a kan ƙarfe. Yadda baffansa ya koya masa.

"Baba Bukar," muryar ta zo daga nesa, an ajiye salular a ƙasa, "ka ji fa, amsawa yake y..."

ƘAS!

Wani nauyi ya sauka, har salular ta yi kuka a hannunta. Buhuna suna zubowa. Mata suka ɗau salati.

"Innalillahi! Direba! Ku zo, direba!"

Inna Tani ba ta san ta miƙe ba.

"SUMA'ILA!"

Sunan da ta ɓoye tun tana yarinya ya tsallake katanga, ya shiga gidajen maƙwabta. Masu daka suka tsayar da taɓarya.

"Suma'ila! Suma'ila, amsa mini!"

Gudu. Ihu. Wani yana cewa a kawo jak, wani yana cewa a janye buhunan tukuna.

Sai aka ɗauki salular daga ƙasa. Aka hure yashi daga bakinta.

"Alo?"

Muryar ba tasa ba ce.

"Alo, wa ke magana?"

Bukar ya miƙo hannu zai karɓa. Ta ture hannun.

"Uwarsa ce," ta ce. "Uwar Suma'ila. Ba ni ɗana."